Na tara wa mutanen Mokwa taimako, yau ana ce min ɓarauniya: in rufe shafina ne?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ƙarfe biyun dare nake rubuto maka wannan, barci ya ƙaurace wa idona. Ni malamar Islamiyya ce a Kaduna, amma dangin mahaifiyata duk 'yan Unguwar Hausawa ne a Mokwa. Ranar da ambaliyar ruwa ta yi ɓarna a garin mun rasa mutum huɗu a gidan kawuna. Da na ga halin da waɗanda suka tsira suke ciki, sai na sa lambar asusuna a Facebook da WhatsApp, na ce mai hali ya taimaka. Ban zaci abin zai kai haka ba. Cikin sati uku kuɗi ya haura naira miliyan 4. Na je Mokwa sau biyu, na sayi shinkafa da gari da tabarmi da gidan sauro da atamfa, wasu kuma na ba su kuɗi a hannu. Saura wajen dubu 900 a asusun.

Makon jiya wani ya ɗauko hotona na bikin ƙanwata ya saka, ya rubuta a ƙasa wai ga inda kuɗin 'yan Mokwa ya tafi. Wani ya ce shi da kansa ya ƙirga abin da mutane suka ce sun bayar, ya fi miliyan 10. Har iyayen ɗalibaina sun fara yi min wani irin kallo. Sau ɗaya na mayar da martani, na ce don Allah na yi, Allah ne shaidata, kuma ba zan tallata sadaka ba don kada lada ya lalace. Sai abin ya ƙara rincaɓewa. Gaskiya ban riƙe rasit na komai ba, kuma da na zauna lissafi akwai wajen dubu 200 da na kasa tuna inda suka shiga. Wallahi ban ci ba. Maigidana ya ce in rufe shafin, in kai ragowar masallacin unguwarmu in huta. Ƙawata ta ce in kai su kotu. Wani kuma ya turo min saƙo wai in na biya shi zai sa a goge rubuce-rubucen. Don Allah me zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah Ya jiƙan mutanen gidan kawunki da duk waɗanda ruwan ya ci, Ya karɓi shahadarsu. Ruwan da ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asubahin Alhamis 29 ga Mayu, 2025, ya tarar da mutane a kan shimfiɗarsu. Cikin kwanakin farko kaɗai hukumar agajin gaggawa ta Jihar Neja ta tabbatar da gawa fiye da 150, da mutum sama da 3,000 da suka rasa matsuguni, kuma akwai gidajen da ba su samu ko gawar nasu sun sallata ba. Duk wanda ya ga wannan ya miƙe ya yi wani abu, ya yi abin kirki. Kuma na yarda ba ki ci ba. Wanda ya ci ba ya tashi tsakar dare ya tona wa kansa asiri a kan dubu 200.

Tun kafin gari ya waye, ga abin da ba za ki yi ba. Kada ki rufe shafin, kada ki goge ko layi ɗaya na abin da kika taɓa rubutawa, kuma kada ki taɓa dubu 900 ɗin nan. Maigidanki tausayinki ne ya sa ya faɗi abin da ya faɗa, amma in kika rufe shafi a wannan gaɓar, a idon mutane gudu kika yi, kuma za a ce daman mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Batun kai kuɗin masallaci kuwa ya fi haka haɗari. Mutane sun bayar ne da sunan Mokwa. Ba ki da ikon sauya musu niyya, ko da wurin da za ki kai ya fi falala. A dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, karkatar da dukiyar da aka damƙa maka domin wani abu zuwa wani abin daban shi ne tushen tuhumar cin amana. Kada ki ba maƙiyanki da hannunki abin da ba su da shi a yanzu. Shi kuma mai cewa ki biya shi ya goge rubutu, ɗan damfara ne, ba shi da ikon goge abin da ke shafin wani. Irinsu kan jira mutum ya ruɗe su tatse shi, gobe kuma su ɗauki hoton hirarku su ce ga shaida tana biyan kuɗi don a rufa mata asiri. Ki toshe shi.

Yanzu ki ba ni aron hankalinki, don a kan magana ɗaya zan daɗe. Amsar da kika ba su, cewa don Allah kika yi, Allah ne shaida, kuma bayyana lissafi tallar sadaka ce, ita ce maganar da na fi ji tun da na fara duba littattafan ƙungiyoyin agaji. Da wuya mako ya wuce ban ji ta ba, daga bakin kwamitin masallaci, ko shugabar ƙungiyar mata, ko saurayin da ya tara kuɗin asibiti wa maƙwabcinsa. Kuma ban san wata magana da ta fi ta kai mutanen kirki ƙasa ba. Masu faɗinta sukan zaci tsoron Allah ne. A gaskiya abu biyu suka cakuɗa waɗanda addini da kansa ya raba.

Da a ce daga albashinki na Islamiyya kika ciri dubu biyar kika ƙulle wa wata tsohuwa a bakin zani ba wanda ya gani, wannan sadakarki ce, kuma ɓoye ta shi ne abin da aya ta 271 ta suratul Baƙara ta ce ya fi alheri. Ita ce sadakar da hannun hagu ba ya sanin abin da dama ta bayar. To amma a cikin miliyan 4 ɗin nan nawa ne naki? Na mai shayi ne da ya turo dubu ɗaya, da 'yar makarantar da ta turo ɗari biyar daga kuɗin tara, da ɗan'uwanmu da ke aikin ƙarfi a Jidda ya ga hoton gidajen da ruwa ya share ya kasa cin abinci. Su ne masu sadakar. In da wanda zai ɓoye, su ne, kuma sun riga sun ɓoye tunda ba su tsaya a gaban kowa sun miƙa ba. Ke 'yar aike ce. Ko yaro kika tura kasuwa da dubu biyu, in ya dawo zai ce ga tumatir na ɗari biyar, ga albasa na ɗari uku, ga mai, ga canji. Kin taɓa jin uwar da ta ce ɗanta ya yi riya don ya kawo mata canji?

Ke malama ce, don haka ki buɗe suratun Nisa'i aya ta 6. Allah Yana magana a kan mai riƙon dukiyar maraya, Ya ce idan kun miƙa musu dukiyarsu to ku kafa shaidu a kansu, sannan a nan take Ya rufe ayar da cewa Allah Ya isa Mai hisabi. A aya guda aka haɗa biyun. Wanda Ya san abin da ke cikin zukata, Shi ne Ya ce a kira shaidu. To da wane dalili wani zai ce tunda Allah na gani ba sai an kira kowa ba? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, har aka ce kada ku ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya tura karɓar zakka. Da ya dawo, Annabi ya zaunar da shi ya yi masa lissafi. Sahabi ne fa. Da ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Idan an yi wa sahabi lissafi, ni da ke mene ne da za mu ji haushi don an tambaye mu?

Akwai wanda ya fi wannan kusa da halin da kike ciki. Annabi (SAW) yana i'itikafi, Nana Safiyya ta zo wurinsa da dare, ya taso raka ta. Wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri. Ya tsayar da su ya ce ku bi a hankali, Safiyya ce 'yar Huyayyu. Suka ce subhanallah, ya Manzon Allah. Ya ce Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar jini, na ji tsoron ya jefa muku wani abu a zuciya. Mafi tsarkin halitta bai ce Allah ne shaidata ya wuce ba. Ya tsaya ya yi bayani tun ba a tambaye shi ba, don tausayin zukatan mutanen nan biyu. Mai shayin da ya turo miki dubu ɗaya, yanzu yana ganin hoton biki da baƙar magana a ƙasa, Shaiɗan yana yi masa raɗa. Shirunki ya bar shi da raɗar.

Ɓarnar wannan fahimta ba ta tsaya a kan sunanki ba, shi ya sa take ƙona min rai. Ta farko, ita ce ke sa mai gaskiya ya ci amana bai sani ba. Kuɗin jama'a ya shiga asusun da albashinki ke shiga. Ranar da yaro ba lafiya kika ciri dubu takwas da katin nan, da niyyar daga naki ne. Ranar da kika sa kati kika kira Mokwa, daga ina? Ba mai iya riƙe wannan a ka na tsawon wata biyu. Ina kyautata zaton wani ɓangare na dubu 200 ɗinki ta nan ya zurare, ba da nufi ba, kuma rashin nufi ba ya mayar da shi naki. Ta biyu, ɓarayin gaske da wannan kalma suke fakewa. Duk ɗan damfarar da ya ɗauko hoton wata ambaliya ta wata ƙasa ya tara kuɗi, in an matsa masa cewa yake yi tsakanina da ku sai Allah. Idan ke ma haka kika ce, ta yaya mai bayarwa zai bambance ku? Ta uku kuwa ita ce mafi ciwo. Damina ba ta ƙare ba, kuma baɗi ma za ta dawo. Duk wanda ya bayar bana bai ji inda kuɗinsa ya kwana ba, in iska ta kwashe rufin wani gari a watan Mayu mai zuwa, zai ga roƙon taimako ya wuce abinsa. Wanda zai kwana a ƙarƙashin tamfol a lokacin, shi zai biya kuɗin shirunmu.

Na ga wannan da idona a Maiduguri. Bayan madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, wasu samari da suka tara taimako suka neme ni, don an fara kiran shugabansu ɓarawo har a gaban mahaifinsa. Yaron ya zo ya rame, idanu sun faɗa, riƙe da baƙar leda. Da ya juye ta a kan tabarma sai ga takardu, wasu sun jiƙe sun bushe sun kanannaɗe, wani lissafin a bayan kwalin magi, wani a yagaggen buhun siminti. Abin da ya fara ce min shi ne, Baba ni dai Allah Ya sani. Na ce Ya sani, amma mu ba mu sani ba, kawo biro. Dare uku muka yi a zaure da fitilar waya. Muka gano wani da ya saka hoton tura dubu ɗari biyar a bainar jama'a, aka yi ta sa masa albarka, alhali alat ɗin na bogi ne, ko sisi bai shigo ba. Muka gano wani babban mutum da ya yi alƙawari a rubuce ya daina ɗaga waya. Muka gano kuɗin 'yan kwale-kwalen da suka riƙa tsallakar da abinci, wanda ba wanda ya tuna ya rubuta, don wa ke neman rasit ruwa na kai masa ƙirji? Giɓin da ake ta yayatawa ya dawo ɗan kaɗan. Ya fito ya faɗi adadin, ya ce zai biya daga aljihunsa wata-wata, kuma ya biya. Da yawa cikin masu zagin suka yi tsit, wasu har suka ƙara turo kuɗi. A garin nan kuma na san wani dattijo da ya ƙi. Ya ce shi ba zai tsaya yi wa yara bayani ba, a haɗu a gaban Allah. Har gobe ina da yaƙinin bai ci ba. Amma yau ko kuɗin man janareton masallaci ba a ba shi riƙo, kuma 'ya'yansa suna jin abin da ake faɗa a majalisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai cewa ya ƙirga miliyan 10 ɗin nan, kusan tabbas alƙawari ya ƙirga da hotunan alat, ba kuɗin da ya shigo ba. Ba za ki iya ƙaryata shi da rantsuwa ba. Takardar banki ce za ta ƙaryata shi. Don haka ki je bankinki ki nemi cikakken bayanin shige da fice na asusun, daga ranar da kika saka lambar zuwa yau, su buga miki hatimi. Ki samu jan biro ki ware abin da yake naki, albashi da makamantansa. Ki lura da naira 50 da aka riƙa cirewa a 2025 a kan duk kuɗin da ya shigo daga dubu 10 zuwa sama, da cajin masu POS duk lokacin da kika ciri tsaba. Ki rubuta kuɗin motarki zuwa Mokwa da dawowa sau biyu, da kuɗin lodi, da na 'yan dako, da buhuna da ledojin da aka ƙulla kaya. Waɗannan duk halastaccen kashewa ne, sai dai a faɗe su. Sannan ki koma wurin 'yan kasuwar da kika sayi kaya. Mai shinkafa da ya sayar miki da buhuna da yawa a rana ɗaya bai manta ki ba, yawancinsu ma suna da littafi. Ya rubuta miki adadi da farashi da kwanan wata, ya sa hannu da lambar waya. Kada ki roƙi kowa ya ƙara ko naira ɗaya don lissafi ya cike. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma rasit ɗin ƙarya guda ɗaya ya isa ya rusa na gaskiya hamsin. Waɗanda kika ba kuɗi a hannu kuma, ki jera sunayensu da abin da kowa ya karɓa, ki aika wa kawunki ya kai wa mai unguwa ko Sarkin Hausawa da limamin wurin su tabbatar su sa hannu. In akwai wanda ya ce miki abin da ya turo zakka ce, ki ware shi a layinsa daban, don zakka tana da waɗanda aya ta 60 ta suratut Tauba ta ƙayyade.

Bayan duk wannan, abin da ya rage bai cike ba, ki faɗe shi da bakinki kafin wani ya tono. Ki ce naira kaza ban iya gano inda ta shiga ba, kuskurena ne da na haɗa kuɗin da nawa, na ɗauki nauyin mayarwa, zan riƙa sa kaza duk wata. Malaman fiƙihu sun ce mai riƙon amana ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci, kuma kina iya kai wa malaminki ya yi miki hukunci a kan haka. Shawarata dai ki biya. Barcinki ya fi dubu 200.

A nan kuma sai na ja kunne ta ɗaya gefen, don wasu in an ce su fito da gaskiya sai su ɗauka hoto ake nufi. Su jera mata da suka rasa 'ya'ya, a ɗora wa kowace ƙullin shinkafa a ka, a kunna kyamara a ce ta yi godiya, tana kuka ana matso da waya kusa da fuskarta. Wannan wulaƙanci ne, kuma shi ne gori da cutarwar da aya ta 264 ta Baƙara ta ce suna ɓata sadaka. Hoto ba ya tabbatar da komai, buhu goma ana iya ɗaukarsa ta kusurwa biyar ya zama hamsin. Abin da za ki fitar wa duniya alƙaluma ne: ga abin da ya shigo, ga abin da aka saya da farashinsa, ga yawan gidajen da suka samu, ga kuɗin hidima, ga giɓi, ga saura. Ki haɗa da hoton takardar banki bayan kin rufe sunayen masu bayarwa. Jerin sunayen waɗanda suka karɓa kuwa ba ya hawa intanet. Ki damƙa shi ga mutum biyu ko uku da jama'a suka yarda da su, misali limamin unguwarku da shugaban makarantarku da wani akanta, su duba su rubuta cewa sun gani. Kin rufa asirin mabuƙata, kin rufa na masu bayarwa, kin buɗe naki. Naki ne kaɗai ya kamata a buɗe.

Masu suka kuma kada ki zuba su a kwando ɗaya. Wanda ya ba da kuɗinsa ya tambaya, ko da bakinsa ya yi kaifi, haƙƙinsa yake nema, ki gode masa ki nuna masa. Akwai ɗan Mokwa da gidansa ya tafi bai ga ko tabarma daga hannunki ba, yana jin ana ambaton miliyoyi. Wannan ciwo ne ke magana ta bakinsa. Ki kira shi a waya in kin san shi, ki gaya masa gaskiya: miliyan 4 in aka raba wa mutum 3,000, kowa bai kai dubu ɗaya da ɗari huɗu ba. Ba yadda za a yi ki kai ga kowa da kowa. Sai wanda ya ɗauko hoton biki. Shi ba lissafi yake nema ba, ko takardar Babban Banki kika kawo zai ce bugawa aka yi. Bayan kin fitar da bayanin, ki kafe shi a saman shafi, duk wanda ya sake tambaya ki nuna masa wurin, ba ƙari. Kada ki yi bidiyo kina kuka, kada ki dafa Alƙur'ani a gaban kyamara, kada ki bi su layi-layi kina ramuwa, kuma ki hana ƙawayenki zagin iyayen kowa da sunan kare ki. Ki ɗauki hoton munanan rubuce-rubucen da sunan shafi da kwanan wata ki adana, sannan ki miƙa wa ƙaninki ko maigidanki shafin ya riƙa dubawa na sati biyu. Bayan isha'i waya ta kwana a falo. Idan rashin barcin ya zarce sati biyu, ko abinci ya daina shiga, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda abin yake, ba abin kunya ba ne, musamman ga wadda ke cikin makokin mutum huɗu.

Kotu tana nan ba ta gudu ba. Ɓata suna laifi ne a sashe na 391 da 392 na Penal Code, kuma ana iya neman diyya. Amma lauyan kirki tambayar farko da zai yi miki ita ce ina takardunki, lauyan ɗaya ɓangaren kuwa a kan dubu 200 ɗin nan zai kwana. Ki gama lissafi tukuna. Kuma ba na goyon bayan ɗabi'ar da ta yaɗu ta tura 'yan sanda su kamo duk wanda ya yi tambaya a Facebook da sunan dokar laifukan intanet ta 2015, wadda ma aka taƙaita sashenta na 24 a gyaran 2024. Amma in wani ya yi barazanar cutar da ke, ko ya saka adireshin gidanki ko hoton 'ya'yanki, wannan a ranar za ki kai rahoto.

Za ki ji masu cewa ai da kin yi rajista da duk haka ba ta faru ba. Da gaskiyarsu a wani ɓangare, amma ina so in ga wanda zai yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ya buga sanarwa a jarida ya jira kwana 28, ya nemo takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, ya buɗe asusun ƙungiya, duk a daren da mutane ke kan bishiya suna jiran a ceto su. Wasu ofisoshin da ke aika ka ka dawo gobe da wasiƙa, su kansu ba su taɓa manna wa jama'a lissafin abin da suka karɓa da sunan waɗanda bala'i ya shafa ba. Jita-jitar da ake yaɗawa wai duk wanda ya tara taimako EFCC za ta zo ta ɗauke shi, tsoratarwa ce kawai. Abin da ake kama mutum a kai shi ne yaudara da karkatarwa. Nan gaba in Allah Ya kawo irin wannan, ki yi amfani da asusun wata ƙungiya mai rajista da kika yarda da ita, ko ki buɗe asusu na daban da ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, ki sanar da ranar buɗewa da ranar rufewa, ki sayi littafi na naira ɗari biyar tun kafin alat na farko.

Dubu 900 ɗin da ya rage, ki sanar a cikin bayanin nan cewa kin rufe karɓa. Ki kira mutanen Mokwa ki tambaye su abin da suke buƙata yanzu, don buƙatar makon farko ba ita ce ta yau ba. Wataƙila kwanon rufi ne da ƙusa, wataƙila kuɗin hayar ɗaki, wataƙila jarin da mai ƙosai za ta koma bakin kaskonta. Abin da za a saya, ki tura kuɗin kai tsaye asusun mai kayan don banki ya rubuta miki shaida da kansa, kuma a raba a gaban mutum biyu daga cikin waɗanda suka sa hannu. Maigidanki kuma ki karanta masa wannan, ki roƙe shi ya raka ki banki da kasuwa, ya zauna kusa da ke ranar da za ki fitar da bayanin. Kwafi ɗaya ki kai wa shugaban makarantarku ya ajiye a ofis don iyayen yara. In kin haɗa takardun, ki turo min ta hanyar da kika aiko wannan tambaya, zan duba miki su kafin kowa ya gani.